Tarihin Kyautar Pulitzer ta Amurka

Kyautar Pulitzer ita ce lambar yabo mafi daraja da ake bai wa 'yan jarida da marubuta a Amurka. Jami'ar Columbia da ke birnin New York ce ke kula da ita, kuma tun 1917 ake bayar da ita kowace shekara. Zuwa 2024 tana da rukuni 23, wato 15 na aikin jarida, takwas kuma na littattafai da wasan kwaikwayo da kiɗa. Wanda ya ci yakan samu takardar shaida da dala 15,000, in ban da rukuni ɗaya, na yi wa jama'a hidima, wanda babu ko sisi a cikinsa. Lambar zinariya kawai ake bayarwa a nan, kuma ga gidan jarida ake miƙa ta, ba ga ma'aikacin da ya yi rahoton ba. Amma ita ce editoci suka fi kwaɗayi.

Mai sunan, Joseph Pulitzer, ba haifaffen Amurka ba ne. An haife shi a 1847 a garin Mako na ƙasar Hangari, a gidan Yahudawa 'yan kasuwa. Yana saurayi ya nemi shiga soja a Turai aka ƙi ɗaukarsa saboda raunin ido, sai ya faɗa hannun masu ɗibar wa rundunar Arewacin Amurka sojoji a lokacin yaƙin basasa. Ya sauka ƙasar a 1864, yana jin Jamusanci da Faransanci, Ingilishi kuwa sai kame-kame. Da yaƙi ya ƙare ya gangara St. Louis, inda Jamusawa baƙi suke da yawa, ya yi ta buga-buga, daga kula da alfadarai zuwa raba abinci a gidan cin abinci, har a 1868 wata jaridar Jamusanci mai suna Westliche Post ta ɗauke shi ɗan rahoto. Bayan shekara goma ya sayi wata jarida da ta karye, ya haɗe ta da wata, aka samu St. Louis Post-Dispatch. A 1883 ya sayi New York World daga hannun attajirin jiragen ƙasa Jay Gould a kan dala 346,000, lokacin tana sayar da kwafi kusan 15,000 a rana. Cikin 'yan shekaru ta zama jaridar da ta fi kowace kasuwa a ƙasar.

Abu biyu ya haɗa ya samu wannan kasuwa, kuma tarihin kyautar ba ya fahimtuwa sai da su. Na farko shi ne jawo ido: manyan kanun labarai, zane-zane, labarin kisa da gobara da abin kunya, cikin harshen da lebura da baƙon haure za su gane. Na biyu shi ne tsaya wa talaka da tonon asirin masu cin hanci. A 1885, da Faransa ta aiko da Mutum-mutumin 'Yanci kyauta amma kuɗin gina dandamalin da za a kafa shi ya gagara, World ta buɗe asusu, ta yi alkawarin buga sunan duk wanda ya ba da gudummawa ko da kwabo ne. Mutum kusan 120,000 suka tara sama da dala 100,000, yawancinsu abin da suka bayar bai kai dala ɗaya ba. A 1887 wakiliyar jaridar, Nellie Bly, ta yi haukan ƙarya aka kai ta gidan mahaukata na mata a tsibirin Blackwell, ta yi kwana goma a ciki, ta fito ta bayyana irin azabar da ake gana wa marasa lafiya.

Ɓangaren jawo ido ne ya zubar masa da mutunci. A 1895 William Randolph Hearst, ɗan masu kuɗi daga Kalifoniya, ya sayi New York Journal, ya kwashe ma'aikatan Pulitzer da albashi mai tsoka, aka shiga gasar wa ya fi wani zuzuta labari. Da jirgin yaƙin Amurka mai suna Maine ya tarwatse a tashar Habana ta Kyuba a Fabrairun 1898, jaridun biyu suka yi ta hura wutar zargin Sifaniya ba tare da hujja ba, kuma bayan wata biyu ƙasashen suka gwabza yaƙi. Masana tarihi sun saɓa a kan ko jaridun ne suka jawo yaƙin, amma babu saɓani a kan cewa sun ɓata sunan sana'ar. Pulitzer a lokacin ya kusa makancewa. Tun 1890 ya daina zuwa ofis, ga wata larura da ta sa ƙara kaɗan ke firgita shi. Ya koma zama a ɗakunan da aka toshe don kada sauti ya shiga, daga baya kuma a jirgin ruwansa mai suna Liberty, sakatarori na karanta masa jaridu yana aika wa editocinsa umarni ta wayar tangaraho. A cikin jirgin ya mutu, a tashar Charleston, ranar 29 ga Oktoba 1911.

Mai so ya kira wasiyyarsa da ta kafa kyautar tuban muzuru yana da abin kafa hujja, sai dai tunanin ya girmi rikicinsa da Hearst. Tun 1892 ya yi wa Jami'ar Columbia tayin kuɗi don ta buɗe makarantar koyon aikin jarida, shugabanta Seth Low ya ƙi karɓa. A wancan zamani editoci da yawa na ganin aikin jarida a bakin aiki ake koyonsa, ba a aji ba, jami'o'i kuma ba su ɗauke shi ilimi ba. Pulitzer yana so a ɗaga shi ya yi kafaɗa da aikin lauya da na likita. Sai da Nicholas Murray Butler ya zama shugaban jami'ar a 1902 aka daidaita. A wasiyyar da ya rubuta a 1904 ya ware dala miliyan biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na kyaututtuka da tallafin karatu, sauran na makarantar. An buɗe ta a 1912, shekara guda bayan mutuwarsa, amma Jami'ar Missouri ta riga ta da tata tun 1908.

Wasiyyar ta ambaci kyauta huɗu a aikin jarida, huɗu a adabi da wasan kwaikwayo, ɗaya a fannin ilimi, sai tallafin tafiye-tafiyen karatu ga ɗalibai. Abin da ya fi waɗannan tasiri wani sharaɗi ne da ya sa a ciki: ya bai wa hukumar da za ta kula da kyautar ikon sauya rukuni, ko dakatar da shi, ko kawo sabo idan zamani ya buƙata, da ikon hana kyauta gaba ɗaya a shekarar da ta ga babu aikin da ya cancanta. Wannan sharaɗi ne ya sa kyautar ta rayu fiye da shekara ɗari tana tafiya da zamani. Shi ne kuma tushen kusan duk wata rigima da aka yi a kanta.

Ranar 4 ga Yuni 1917 aka sanar da kyaututtukan farko, wata biyu bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ƙamshin yaƙin ya bi su. Herbert Bayard Swope na World ya ci ta rahoto saboda jerin labaran da ya rubuto daga cikin Jamus. New York Tribune ta ci ta sharhin edita da abin da ta rubuta kan cika shekara da nutsar da jirgin Lusitania. Ta tarihi ta tafi ga jakadan Faransa a Amurka, Jean Jules Jusserand, ta tarihin rayuwa kuma ga 'ya'yan Julia Ward Howe mata da suka rubuta rayuwar mahaifiyarsu. Ba a bayar da ta ƙagaggen labari ba, ba a bayar da ta wasan kwaikwayo ba, haka ma lambar zinariya. Tun ranar farko hukumar ta yi amfani da ikonta na hanawa.

Lambar zinariyar, Daniel Chester French ne ya tsara ta a 1918 tare da abokin aikinsa Augustus Lukeman. A fuska ɗaya akwai kan Benjamin Franklin, wanda kafin ya zama jigon siyasa ma'aikacin ɗab'i ne. A ɗaya fuskar ga wani ƙaƙƙarfan mai buga takardu ya tuɓe riga ya rataye ta a jikin injin, yana fama da aiki. New York Times ce ta fara samunta a 1918, saboda buga cikakkun takardun gwamnatoci da jawaban shugabannin Turai kan yaƙin. Daga nan jerin waɗanda suka karɓe ta ya zama kamar kundin abubuwan da suka dami Amurka. Boston Post ta samu a 1921 saboda bankaɗo Charles Ponzi, ɗan damfarar da yake biyan tsofaffin masu zuba kuɗi da kuɗin sababbi, wanda har yau ake kiran irin wannan zamba da sunansa. A 1922 World ta samu saboda tonon asirin ƙungiyar 'yan wariyar launin fata ta Ku Klux Klan, a 1923 kuma Commercial Appeal ta Memphis, wadda ta yi irin wannan faɗa a cikin Kudu, inda ƙungiyar take da ƙarfi. A 1927 aka bai wa Canton Daily News ta jihar Ohio, bayan an harbe editanta Don Mellett a 1926 saboda ya matsa wa 'yan daba da 'yan sandan da ke ɗaure musu gindi. Ita World kanta ba ta daɗe ba. Wasiyyar Pulitzer ta hana sayar da ita, amma 'ya'yansa suka je kotu suka samu izini, aka sayar a 1931.

Wani abin lura shi ne lambar ba ta manyan jaridu kaɗai ba ce. A 1953 wasu ƙananan jaridu biyu na garuruwan Whiteville da Tabor City a Karolina ta Arewa suka same ta, su ma saboda yaƙi da Ku Klux Klan, a inda edita ke haɗuwa da mutanen da ya tona a kasuwa da coci. A 1958 Arkansas Gazette ta samu bayan ta goyi bayan hukuncin kotu na shigar da yara baƙaƙen fata makarantar turawa a Little Rock, abin da ya sa dubban masu saye suka ƙaurace mata. Shekarun 1970 ne suka kai sunan lambar duniya. New York Times ta karɓa a 1972 saboda buga takardun sirri na ma'aikatar tsaro kan yaƙin Biyetnam, duk da gwamnatin Shugaba Nixon ta kai ta har Kotun Ƙoli don ta hana. Amintattun Jami'ar Columbia, waɗanda a lokacin sai sun sa hannu ake bayar da kyauta, sun amince amma suka fitar da sanarwar cewa ransu bai kwanta ba, kuma bayan 'yan shekaru suka janye hannunsu daga lamarin baki ɗaya. A 1973 Washington Post ta karɓa saboda badaƙalar Watergate. Bob Woodward da Carl Bernstein ne suka yi yawancin binciken, amma bisa ƙa'ida sunan jaridar lambar ta ɗauka. Nixon ya yi murabus a Agustan 1974. A wannan ƙarni Boston Globe ta samu a 2003 kan yadda cocin Katolika ya riƙa rufa wa limaman da ke lalata da yara asiri, kamfanin dillancin labarai na Associated Press kuma a 2016, kan masunta da ake bautarwa a tsibiran Indunusiya, rahoton da ya yi sanadin 'yantar da sama da mutum 2,000.

A ɓangaren adabi tarihin bai kai haka tsabta ba. Tsarin shi ne alƙalai masana su karanta su ba da shawara, hukuma ta yanke hukunci, kuma hukumar yawanci editoci ne da masu jaridu, ba marubutan adabi ba. Sharaɗin farko na kyautar ƙagaggen labari ya nemi littafin da ke nuna kyawawan ɗabi'un rayuwar Amurka, wanda ya buɗe ƙofar ture duk abin da ya yi suka. A 1921 alƙalai suka zaɓi Main Street na Sinclair Lewis, mai yi wa rayuwar ƙananan garuruwa shaguɓe, aka ture shi aka bai wa Edith Wharton, wadda ta zama mace ta farko da ta ci wannan rukuni. Lewis bai manta ba: da aka ba shi a 1926 sai ya ƙi karɓa. A 1941 hukumar ta amince da littafin Ernest Hemingway kan yaƙin basasar Sifaniya, Butler ya ce bai dace jami'arsa ta yaba wa irin wannan rubutu ba, aka tashi ba a bai wa kowa ba. Hemingway sai a 1953 ya samu. A 1963 hukumar ta ƙi wani wasan Edward Albee saboda zafin harshensa, alƙalan biyu suka ajiye aiki don nuna fushi, shi kuwa Albee daga baya ya ci har sau uku. Ko a 2012 an tashi babu gwani a ƙagaggen labari, karo na farko tun 1977, masu sayar da littattafai suka yi ta ƙorafi, domin tambarin Pulitzer a bangon littafi kasuwa ce babba.

Rukunan sun yi ta ƙaruwa: rubutacciyar waƙa da zanen barkwanci a 1922, hoto a 1942, kiɗa a 1943, sharhi da nazarin ayyukan fasaha a 1970, rahoton sauti a 2020. Abin da ya yi jinkiri shi ne buɗe ƙofa ga baƙaƙen fata. Sai a 1950 Gwendolyn Brooks ta zama ta farko a cikinsu da ta ci, da littafin waƙoƙinta. A 1969 Moneta Sleet na mujallar Ebony ya ci da hoton matar Martin Luther King rungume da 'yarta a wurin jana'izar mijinta. Alice Walker ta ci a 1983, Toni Morrison a 1988. A kiɗa, alƙalai sun nemi a karrama Duke Ellington a 1965 hukumar ta ƙi, sai a 1999 aka yi, shekara 25 bayan mutuwarsa. Ida B. Wells, wadda ta yi kasada da ranta tana tattara bayanan kisan gilla da ake yi wa baƙaƙe tun shekarun 1890, a 2020 aka tuna da ita. Irin wannan yabo na bayan rai yana gyara littafin tarihi, amma bai amfani wanda aka hana lokacin da yake buƙata ba.

Akwai kuma inda aka bai wa wanda bai kamata ba. Walter Duranty, wakilin New York Times a Mosko, ya ci a 1932 da rahotannin da suka yi wa mulkin Stalin kwalliya, daga baya kuma ya musanta yunwar da ta kashe miliyoyin mutane a Yukren. An sake duba lamarin a 2003, hukumar ta ƙi soke kyautar, ta ce ba ta ga tabbatacciyar hujjar ƙarya da gangan a rubuce-rubucen da aka ba shi kyautar a kansu ba. Ita jaridar da kanta ta daɗe da nesanta kanta daga aikin nasa. Abin kunyar da ya fi fitowa fili shi ne na 1981. A Satumban 1980 Washington Post ta buga labarin wani yaro ɗan shekara takwas, wai shi Jimmy, da aka ce ya kamu da jarabar muguwar ƙwayar heroin. Hankalin birnin ya tashi, magajin gari Marion Barry ya sa 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a suka bazama neman yaron, ba su same shi ba. Duk da haka jaridar ta shigar da labarin gasa, hukumar kuma ta ɗauke shi daga rukunin da aka shigar da shi ta kai wani ta ba shi kyauta. Cikin kwana biyu aka gano marubuciyar, Janet Cooke, ta yi ƙarya a kan takardun karatunta. Da editoci suka tsare ta da tambayoyi sai ta amsa cewa babu wani Jimmy. Aka mayar da kyautar, aka bai wa Teresa Carpenter ta Village Voice.

Ko da yake ta Amurka ce, labaran Afirka sun sha shiga cikinta. Hoton da Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauka a kudancin Sudan a 1993, na wani yaro da yunwa ta durƙusar ga ungulu a bayansa tana jira, ya ci a 1994, ya kuma tayar da muhawarar da ba ta mutu ba kan ko aikin mai ɗaukar hoto ya tsaya ga ɗauka. Carter ya kashe kansa a Yulin shekarar, yana da shekara 33. A 2005 Dele Olojede, ɗan Nijeriya da ya taɓa aiki a mujallar Newswatch ta Legas, ya ci ta rahoton ƙasashen waje da jaridar Newsday, saboda labaran da ya rubuto daga Ruwanda shekara goma bayan kisan ƙare dangi. Ya dawo gida ya kafa jaridar NEXT, wadda ta daina fitowa a 2011. Binciken takardun Panama da ya ci a 2017 kuma aikin haɗin gwiwa ne na 'yan jarida sama da 300 daga ƙasashe da dama, ciki har da na Premium Times ta Abuja, amma sunan gamayyar da ta jagoranta da kafofin Amurka biyu ne a kan kyautar.

A yau tsarin bai sauya sosai ba. Kowa na iya shigar da aiki idan ya biya dala 75. Alƙalai kusan 100, editoci da malaman jami'a da marubuta, sukan rarrabu rukuni-rukuni, kowane ya fitar da aiki uku ba tare da ya fifita wani ba. Hukuma mai mambobi kusan 18 ce ke zaɓa, kuma da ƙuri'ar kashi uku cikin huɗu tana iya ɗauko aikin da alƙalai ba su kawo ba, ko ta sauya masa rukuni. Tun 1980 ake bayyana sunayen waɗanda suka kai zagayen ƙarshe. Ana sanarwa a Afrilu ko Mayu, a miƙa kyaututtukan a ƙwarya-ƙwaryar walima a harabar jami'ar, babu bikin talabijin. Intanet ta shigo sannu a hankali: a 2009 aka karɓi kafofin da ba su da bugun takarda, a 2010 ProPublica ta zama ta farko a cikinsu da ta ci. A 2023 hukumar ta sanar da sassauta sharaɗin zama ɗan ƙasa a rukunan littattafai da wasan kwaikwayo da kiɗa, aka shigar da masu takardar zama ta dindindin da waɗanda suka daɗe da mayar da Amurka gida. A aikin jarida ba a tambayar ƙasar marubuci, ana duba inda aka buga ne. Rahoton da aka buga a Kano ko Yamai ko Akara, komai ingancinsa, ba ya shiga gasar sai in wata kafar labarai ta Amurka ce ta wallafa shi.